Yadda Yaƙin Duniya na Farko ya iso Damagaram da Azbin

A watan Agusta na shekara ta 1914 yaƙi ya ɓarke a Turai, Faransa da Ingila a gefe guda, Jamus a ɗaya gefen. A lokacin ƙasar Nijar tana hannun sojan Faransa, babban birninta kuwa shi ne Damagaram tun shekara ta 1911. Duk nisan da ke tsakani, yaƙin ya iso ƙasar, kuma ta hanya biyu ya shigo.

Hanya ta farko ita ce ta ofishin kwamandan. Faransa ta buƙaci samarin da za su shiga soja, da hatsi, da raƙuma, da 'yan dako. Nasara bai san gida-gida ba, saboda haka ya ɗora wa sarakuna da masu gari nauyin tarawa. Sarkin da ya kasa cika adadi yana iya rasa rawaninsa, wanda ya matsa wa talakawa kuwa sai su yi ƙaura zuwa Katsina ko Kano, wajen Ingilishi.

Hanya ta biyu ta Sahara ce. A watan Nuwamba na 1914 Sarkin Musulmin Istambul, abokin Jamus, ya yi shelar jihadi. A Libiya, 'yan ɗarikar Sanusiyya suka kori Italiyawa daga Fezzan, suka kwashe bindigogi da igwa. Da irin waɗannan makamai Kawsan, Ba'azbine daga ƙabilar Ikazkazan, ya sauko kudu. Da goyon bayan Tagama, Sarkin Azbin, ya kewaye barikin Faransawa na Agadas a watan Disamba na 1916.

Labarin ya girgiza Damagaram. Faransawa suka nemi taimakon Ingilishi, su kuma suka turo sojoji daga Najeriya don tsaron garuruwan kudu. Rundunar Kanar Mourin ta tashi daga Damagaram, ta shiga Agadas ranar 3 ga Maris na 1917. Ramuwar ta yi tsanani: an kashe malamai da dama a cikin birnin, an ƙwace dabbobi, jama'ar Azbin da yawa suka watse zuwa Damargu da ƙasar Hausa. Raƙuman ayari suka ƙare, fataucin gishirin Bilma ya raunana. An kashe Kawsan a Fezzan a 1919, Tagama kuma ya rasu a kurkuku a 1920.

Cikin irin wannan zamani sarakunan wancan lokaci suka riƙe sarauta, tsakanin umarnin Nasara da kukan talakawa. Wanda ke son auna aikinsu da adalci, sai ya fara sanin nauyin da aka ɗora musu. Allah ya jiƙan magabata, ya dawwamar da zaman lafiya a ƙasa.