Yadda Aka Zana Taswirar Kifayen Sahara

Unguwar Tayuri a birnin Sabha, kudancin Libiya, gida ce ga Tubawa da Buzaye da dama, kuma duk inda ka waiga a kewayenta rairayi ne da duwatsu. Amma a tsaunukan da kakannin waɗannan mutane suka daɗe suna kiwo, wato Tibesti da Ennedi da Tassili n'Ajjer, akwai kududdufai cikin tsagin dutse da ba sa ƙafewa, kuma akwai kifi a cikinsu. Makiyaya sun san da su tun fil azal. Masana kimiyya kuwa sai da suka shafe fiye da shekara 150 suna tsintar labarin ɗaya bayan ɗaya.

A 1848 wani Bafaranshe, Paul Gervais, ya bayyana wata ƙaramar karfasa da aka samo a Tuggurt ta Aljeriya. Ita ce aka daɗe ana kira Tilapia zillii, kafin a mayar da ita rukunin Coptodon a 2013. Daga baya ya tabbata cewa irinta na nan a kogin Kwara da tafkin Chadi da kogin Nilu. A 1909 Jacques Pellegrin na gidan adana tarihin halittu da ke Paris ya ba wani ɗan kifi daga Tassili suna Barbus deserti, a 1921 kuma ya fitar da littafi kan kifayen ruwan daɗi na arewacin Afirka har da Sahara. Aiki ne na haƙuri: a auna tsayin kifin, a ƙirga ɓawon da ke gefen jikinsa da ƙayoyin bayansa, a kwatanta da na cikin kwalabe. Sai dai galibin samfuran matafiya da sojojin mulkin mallaka ne suka kawo su, don haka ɗigon da ke kan taswirar ya fi nuna inda Turawa suka yada zango fiye da inda kifin yake.

Wani masani, Christian Lévêque, ya tattara bayanan a 1990, ya nuna cewa kifayen tsakiyar Sahara ragowar kifayen ƙasashen kudu ne da aka bari a baya. A 2011 Nick Drake na King's College a Landan da abokan aikinsa suka ɗora wuraren da ake samun su a kan hotunan tauraron ɗan Adam na matattun koguna da tafkuna. Sai ga ɗigogin sun hau kan tsoffin hanyoyin ruwa. Kifi ba ya tafiya a ƙasa, ke nan akwai lokacin da ruwa ya haɗa waɗannan wurare da juna.

Hujjar da ta fi kama mini hankali daga kudancin Libiya kansa ta fito. A kogon Takarkori da ke tsaunin Akakus, kusa da iyakar Aljeriya, masu tono na Jami'ar Sapienza ta Rum ƙarƙashin Savino di Lernia sun zaƙulo ƙasusuwan dabbobi sama da 17,000, kusan kashi 80 cikin ɗari na kifi ne, tarwaɗa da karfasa. Wasu da shaidar yanka, wasu da ƙuna: abincin mutane ne. Binciken da aka buga a 2020 ya nuna cewa tsakanin shekara 10,200 zuwa 8,000 da suka wuce kifi ya kai kashi 90 na ƙasusuwan, amma zuwa shekara 4,650 da suka wuce ya sauko kusan kashi 40, mutane sun koma ga naman tumaki da awaki da shanu. Karfasa ce ta fi saurin raguwa. Duk masuncin Argungu zai gaya maka dalili: tarwaɗa na shaƙar iska, tana jure ruwa mai zafi da laka, karfasa ba ta iyawa.

Tafkunan Ubari da ke yamma da Sabha, irin su Gabar'aun, gishiri ya yi musu yawa, ba kifi ake kamawa a cikinsu ba. Abin da mutanen Dawada suka riƙa kamawa a can wasu ƙananan halittun ruwa ne masu kama da jatanlande, har aka tashi mutanen daga wurin a shekarun 1980.

Taswirar ba ta kammala ba. A 2016 Sébastien Trape ya bayyana sabon nau'i, Astatotilapia tchadensis, daga tafkin Buku na Unianga a arewacin Chadi. Abin da ke damuna shi ne, rashin tsaro tun 2011 ya sa binciken fili ya yi wuya a kudancin Libiya, alhali kududdufi guda na iya ƙafewa cikin fari ɗaya mai tsawo, ya tafi da kifin da ba a taɓa rubuta sunansa ba.