Iyakar Nijar da Nijeriya: Tambayar Masanin Tarihi da ta Masanin Siyasa



Hirarmu ta yau a kan ma'amalar ƙasa da ƙasa ce, da yadda masana iri biyu ke binciken ta, wato masanin tarihi da masanin siyasa. Don kada magana ta yi nisa, mu ɗauki abin da ka sani. In ka taɓa bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko ta Ƙonni zuwa Illela, ka tsaya gaban duwan. Can da nan harshe ɗaya ne, dangi ɗaya, amma ƙasa biyu.

Masanin tarihi tambayarsa ita ce: yaya aka yi layin ga ya biyo ta nan? Sai ya buɗe tsofaffin takardu a Paris da Landan da Yamai, kuma ya zauna da tsofaffi. Ga abin da zai gaya maka. A 1890 Faransa da Ingila suka ja layi bisa takarda daga Sayi zuwa Barruwa, bakin tafkin Cadi. A 1898 suka sāke, suka zana da'ira mai nisan kilomita kamar 160 daga Sakkwato, sai Ƙonni ta faɗa hannun Ingila. Faransawa suka ga hanyarsu daga kogin Kwara zuwa Damagaram ta koma cikin daji maras rijiyoyi. A 1904 aka yi musaya: Faransa ta bar wani haƙƙin kamun kifi da take da shi a wani babban tsibiri kusa da Kanada, Ingila kuwa, cikin abubuwan da ta ba da, ta yarda a turo iyaka kudu. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi ƙasa suna kafa alamomi.

Zai ƙara tuna maka cewa Turawa ba su tarar da ƙasa babu tarihi ba. Tun bayan jihadin 1804 sarakunan Katsina da na Gobir da aka kora suka kafu a Maraɗi da Tsibiri, suna gaba da Sakkwato. A wannan yanki layin Turawa ya bi sawun tsohuwar gaba.

Masanin siyasa kuwa ba ya tsayawa kan iyaka guda. Yana jera iyakoki da yawa, ya gwama su, ya nemi ƙa'ida. Tambayarsa: mi ya sa bayan ƴancin kai ba a share layukan Turawa ba? Amsarsa: sabuwar ƙasa tana tsoron in ta nemi yankin maƙwabci, gobe wani zai nemi nata. Shi ya sa a 1964, a Alƙahira, ƙungiyar haɗin kan Afirka, OUA, ta yanke a girmama iyakokin da aka gada. Da ƙa'idar ga yake fahimtar abin da ya sa Nijar da Benin suka kai rigimar tsibirin Lete gaban kotun duniya, wadda ta ba Nijar tsibirin a 2005.

Wani masanin siyasa Ba'amurke, William Miles, ya zauna a ƙauyuka biyu maƙwabta, Yekuwa ta Nijar da Ƴardaje ta Nijeriya. Littafinsa ya fito a 1994. Ya gwama sarauta da lakwal da kasuwa, don a ga abin da mulkin Faransa da na Ingila suka bari cikin Hausawa.

To, wa ya fi? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na farko ya san dalilin wurin, amma bai cika faɗin abin da zai auku a wata iyaka ba. Na biyu yana da ƙa'ida, amma ƙa'ida ba ta san rijiya ba.

Abin ga ya shafe ka. Da aka rufe iyaka a 2019, da kuma a 2023, kasuwa ta ji, zumunci ya ji. Wanda ya san asalin iyaka da abin da ke riƙe ta, ba a ruɗin shi da jita-jita.

Aikin mako: ka tambayi wani tsoho na garinku abin da ya ji game da kafa alamomin iyaka, ka rubuta layi biyar, ka kawo cibiya mu karanta tare.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.