Tanadin da Ya Tafi da Masaƙar Kakuri

A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri. Tanadin ma'aikacinta iri biyu ne: adashin ranar albashi, wanda yakan kwasa ya sayi fili ko ya aurar da 'ya, da garatutin barin aiki. Na biyun aka fi dogaro da shi, alhali alkawari ne kawai a littafin kamfani. Da masaƙar ta rufe a 2002, ma'aikata sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Sai a 2004 dokar fansho ta raba kuɗin ma'aikaci da asusun kamfaninsa, shekara biyu bayan injinan masaƙar sun yi shiru.