Sarkin Kano Ali Yaji da yaƙin Santolo

Tambaya: Ni mutumin Dawakin Kudu ne. Na ji ana cewa a Santolo aka yi yaƙin da ya kafa Musulunci a ƙasar Kano, kuma Sarki Yaji ne sarkin Kano na farko da ya musulunta. Mene ne gaskiyar wannan magana?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ali Yaji ɗan Tsamiya shi ne sarki na 11 a jerin sarakunan Kano, ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Kusan duk labarinsa daga littafin Tarihin Kano ya fito, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908.

Littafin ya ce a zamaninsa Wangarawa kimanin 40 suka zo daga Mali, shugabansu Abdurrahman Zaite. Suka umarci sarki da salla, ya karɓa. Ya naɗa Gurdumus limaminsa, Lawal ladan, Zaite kuma alƙali, aka gina masallaci a gindin bishiyar da ake tsafi a wurinta. Har yau akwai unguwanni a birni, kamar Mandawari da Sheshe, masu ɗauke da sunayen waɗannan baƙi.

Santolo kuwa birni ne mai ƙarfi a lokacin, cibiyar masu bautar gargajiya, kuma Yaji ya ɗauke shi mabuɗin ƙasashen kudu. Ya nemi Wangarawa su taya shi da addu'a, suka fita tare da rundunarsa, aka ci garin. Saboda haka yaƙin yana da fuska biyu, ta addini da ta faɗaɗa mulki.

Amma a yi hattara da cewa shi ne na farko. Sarkin da ya gabace shi sunansa Usmanu Zamnagawa, sunan Musulmi ke nan. Sannan littafin Asl al-Wangariyyin ya sa zuwan Zaite a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wato kusan shekara 100 bayan Yaji. Tsafi ma bai mutu da faɗuwar Santolo ba, domin ɗansa Kananeji ya koma wa tsafin Cibiri da yaƙin Zazzau ya gagare shi.

Abin da ya fi inganci a faɗa shi ne, Yaji ne sarkin da Tarihin Kano ya fara ambata da tsayar da salla a matsayin al'amarin fada.

Allah ne Mafi sani.