Leƙen asirin wayoyin salula a Najeriya

Manhajar leƙen asiri wata dabara ce ta kwamfuta da ake cusawa cikin wayar salula ba da sanin mai ita ba, domin karanta saƙonninsa, da sauraron hirarsa, da gano inda yake.

Wadda ta fi suna ita ce Pegasus, ta kamfanin NSO na Isra'ila, wadda ke iya kunna kyamarar waya da makirfonta a asirce.

Kamfanin dai ya ce gwamnatoci kaɗai yake sayar wa, domin yaƙi da ta'addanci da manyan laifuffuka.

A Najeriya

A shekarar 2013, jaridar Premium Times ta ba da rahoton cewa gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta bai wa kamfanin Elbit na Isra'ila kwangilar dala miliyan 40 domin sa ido a kan intanet.

A shekarar 2015, wasu takardun kamfanin Hacking Team na Italiya da aka kwarmata sun nuna gwamnatin Jihar Bayelsa cikin masu sayen kayansa.

Haka kuma a watan Disamban 2020, cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto ta ambaci Najeriya cikin ƙasashe 25 da ta ce da alama suna amfani da na'urorin kamfanin Circles.

Na'urorin ba sa buƙatar shiga waya. Ta hanyoyin sadarwar kamfanonin waya suke tatsar bayanai, don haka mai ƙaramar waya a Gyallesu da ke Zariya bai fi mai babbar waya a Abuja tsira ba.

Abin da doka ta ce

Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya ba da kariya ga sirrin 'yan ƙasa, da gidajensu, da wasiƙunsu, da maganganunsu ta tarho.

Sai dai ƙa'idojin da hukumar sadarwa ta NCC ta fitar a 2019 sun halatta wa hukumomin tsaro sauraron waya da izinin alƙali, ko ma kafin samun izinin idan al'amarin na gaggawa ne.

Hukumomi na kafa hujja da matsalar Boko Haram da masu garkuwa da mutane.

Amma masu kare haƙƙin bil'adama na gargaɗin cewa muddin babu cikakken sa idon kotu da majalisa, ana iya karkata na'urorin kan 'yan jarida, da malaman addini, da 'yan adawa, lamarin da kan sa jama'a su kame bakinsu.