Raba Dayosis a Matsayin Hanyar Mulki: Nazari kan Cocin Angilika a Ƙasar Zazzau

Mai karatu a Gure ko Damagaram, inda aikin bishara na Furotesta ya faro da mishan ɗin SIM a Zinder a 1924, ya fi sanin cocin da fastoci da dattawa ke gudanarwa. Tsarin Angilika dabam yake, domin iko yana hannun bishop da majalisar sinod, kuma bisa tsohuwar ƙa'ida kowane yanki bishop ɗaya ne da shi. Wannan maƙala na ganin cewa a arewacin Najeriya yawaita dayosis ya zama hanyar da cocin ke riƙe saɓanin harshe da na asali a cikin gida, kafin ya kai ga ɓallewa.

Ƙasar Zazzau ce ta fi bayyana hakan. Likita Walter Miller na CMS, mishan ɗin Angilika, ya zauna a birnin Zariya tun 1905, sannan mishan ɗin ya koma Wusasa da ke gefen birnin a 1929, inda magina Hausawa suka gina cocin St Bartholomew da ƙasa, irin ginin gidajen birni, ana kuma sujada da Hausa. A Sabon Gari kuwa, Yarbawa da Ibo da jirgin ƙasa da kasuwanci suka kawo su ne suka cika cocin St George. Duka jama'o'in biyu sun zauna a ƙarƙashin Dayosis ɗin Arewa da aka kafa a 1954, daga 1980 kuma a ƙarƙashin Dayosis ɗin Kaduna. Sai dai wanda ya fi yawa kuma ya fi zuba baiko shi ke da murya a sinod, saboda haka Hausawan Wusasa da Maguzawan ƙauyuka suka daɗe suna bin baya. A 1997 aka ba Wusasa dayosis nata, da Ali Buba Lamido a matsayin bishop, daga baya aka kafa na Zariya mai hedikwata a St George. Yau bishop biyu ke zaune a gari guda, dukansu a Lardin Kaduna.

Za a iya cewa wannan ƙabilanci ne aka naɗa wa rawani. Sukar tana da nauyi, ga kuma ɗawainiya, don kowane sabon dayosis sai an nemo masa gidan bishop da mota da albashin ma'aikata daga aljihun manoma. Amma rabon iko tsakanin ƙabilu ya riga dayosis ɗin zuwa. Abin da ya sauya shi ne Bahaushe Kirista ya sami kujera a majalisar bishop-bishop ta ƙasa, kuma naɗin limaman ƙauyukansa ya dawo hannun wanda ke jin harshensu.

Dabarar tana aiki ne kawai idan ɓangarorin sun yarda da hukuma ɗaya a samansu. An ga haka a matakin duniya: bayan saɓanin da ya biyo naɗin Gene Robinson bishop a Amurka a 2003, Cocin Najeriya ƙarƙashin shugabanta Peter Akinola ta cire ambaton Kantabari daga kundin tsarinta a 2005, ta kuma naɗa Martyn Minns bishop a 2006 don kula da ikilisiyoyi a Amurka, a yankunan da suke da nasu bishop-bishop. Can ba a da sinod ɗin da kowa ya amince da shi, sai matakin ya ƙara faɗaɗa ɓarakar da ta kai ga taron GAFCON a Kudus a 2008.