Michael Faraday da Laccar Kyandir

A zamanin dā a ƙasar Ingila ba a cika koya wa yara ilmin kimiyya a makarantu ba. Abin da aka fi kula da shi a manyan makarantu shi ne harshen Latin da na Girka, yawancin karatun kuwa hadda ce. Ɗaya daga cikin waɗanda suka nuna wata hanya dabam shi ne wani mutum wai shi Michael Faraday.

An haifi Faraday a shekara ta 1791. Ubansa maƙeri ne, matalauci, saboda haka yaron bai yi nisa a makaranta ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon sana'a wurin wani mai ɗinkin littattafai a birnin Landan. Duk littafin da aka kawo ɗinki, in ya sami sarari sai ya karanta. A 1812 ya je sauraron laccar wani masani, Humphry Davy, a wani gidan bincike da ake kira Royal Institution. Ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke, ya aika masa. A 1813 Davy ya ɗauke shi mataimaki. Shi ne daga baya, a 1831, ya gano yadda ake samar da lantarki da maganaɗisu.

Amma duk da ɗaukakar da ya samu bai manta da yara ba. A 1825 aka fara yi musu lacca a gidan nan lokacin hutun Kirsimeti. Faraday ya yi tasa ta fari a 1827, kuma sau 19 ke nan ya yi a rayuwarsa. Wadda ta fi shahara ita ce ta kyandir, wadda ya yi a 1848, ya maimaita a 1860, aka buga ta littafi a 1861.

Dabararsa kuwa ita ce, ba ya fara da suna mai wuya. Sai ya kunna kyandir, abin da kowane yaro ya sani a gidansu, ya nuna yadda zafi ke narkar da shi, lagwani ya jawo narkakken sama, ya zama tururi, watau tururin ne ke cin wuta. Domin su tabbata, sai ya hure wutar, ya kawo wata wuta kusa da farin hayaƙin da ke tashi, nan da nan ta bi hayaƙin ta koma kan lagwani. Ya kifa wani abu mai sanyi bisa harshen wutar, suka ga ruwa ya taru a jikinsa. Daga ƙarshe ya nuna musu cewa iskar da mutum ya fitar daga huhunsa tana kashe kyandir, domin numfashi da ƙuna duk iska iri ɗaya suke ci. Sa'an nan ya ce su koma gida su gwada da hannunsu.

A 1862 ya gaya wa wani kwamitin gwamnati mai binciken makarantu cewa ya kamata a sa kimiyya cikin karatun yara. Ya rasu a 1867, amma laccar ba ta mutu ba. Ban da shekarun yaƙi, daga 1939 zuwa 1942, ba a taɓa fasa ta ba, kuma tun 1966 ake nuna ta a talabijin kowace shekara. Har wa yau hanyar Faraday ake bi, yaro ya fara gani da idonsa, sa'an nan a gaya masa dalili.